Matuƙin da Aka Tambayi Garinsu

Nima, Ankara, Gana
9 ga Maris, 1964

Zuwa ga Yaya Sahadatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Osumanu da yara. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har yana fita bakin titi ya zauna gaban faifan goronsa. Idon ne dai ya ƙara rauni, yanzu ni nake karanta masa duk takardar da ta shigo gidan nan. Mma Awabu mai koko tana gaishe ki. Ta ce, "Sahadatu ya je Kano ya manta da mu."

Bayan haka, yau wata guda da dawowata daga Ingila da lasisin tuƙin jirgi a aljihu. Ranar da na sauka rabin Nima sun cika tsakar gida. Mma Awabu ta kama hannuna tana juya shi, ta ce, "Wannan hannu ne zai riƙe jirgi? Hannun da ba ya kai kwanon koko ɗaki bai zubar ba?" Tun ranar kowa Kyaftin yake ce mini, har liman.

Abin da ba su sani ba, lasisin nan kamar goro yake, in ba a yayyafa masa ruwa ba bushewa yake yi. Idan ƙarshen Agusta ya zo ban fara aiki a kujerar jirgi ba, ya mutu, sai na koma Ingila na sake jarrabawa. Waɗanda suka tura ni karatu kuwa sau ɗaya suke tura mutum.

Kamfani biyu ne suka ce suna so na a matsayin mataimakin matuƙi. Ɗaya a nan Ankara yake, tambarinsu shirwa, jiragensu uku, suna zirga-zirga tsakanin nan da Kumasi da Tamale. Ɗayan a can wurinku yake, tambarinsu balbela, suna zuwa Jos da Maiduguri har Fort Lami, kuma sun fi yawan tashi, mutum zai fi saurin ƙwarewa. In na bi Shirwa, kullum a gida zan kwana kusa da Baba. In na bi Balbela, zan yi nisa da shi, amma zan zo kusa da ke.

Na tambayi Baba. Kin san shi. Ya nuna akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gadonsa ya ce, "Duk wanda ka zaɓa, ka dai tabbata yana da wurin akwati, don ba da jimawa ba za mu koma gida." Shekara hamsin da biyu ke nan yana shirin komawa Kukar Fatake, ƙauyen da ni da ke ba mu taɓa gani ba. Har yau zanin da ya saya wa ƙanwarsa Luba yana ciki, duk Juma'a sai ya fito da shi ya kaɗe ya mayar.

Ki ba ni shawara, Yaya, ke ce babba. Ki yi sauri.

Ƙaninki,
Sumaila


Fagge, Kano
28 ga Maris, 1964

Zuwa ga ƙanena Sumaila, Direban Sama,

Na sami takardarka, na yi murna har na karanta wa maƙwabta sau biyu. Muna lafiya, sai Fuseina da ta yi ƙyanda, ta warke, ta koma ɓarnarta. Ka gaida Baba, ka ce ya rage cin goron da ya kasa don sayarwa. Ka ce wa Mma Awabu ban manta ba, kokon Kano bai kama ƙafar nata ba.

To, Kyaftin! Ni da na goya ka har bayana ya yi ciwo, yau ni ake tambaya wane jirgi za a hau. Me na sani game da jirgi? Yana wucewa ta kan gidanmu, kaji su watse, shi ke nan ilimina.

Amma tun da ka tambaya. Baba ya tsufa, idonsa ya tafi, ba shi da kowa a gidan nan sai kai. Kano kuwa ba ta rasa masu tashi sama ba, akwai angulu a mayanka sun fi ɗari, ba a jiran ɗan Nima ya zo ya koya musu. In ka zo ma dariyar Hausarka za su yi, kamar yadda suka yi shekara biyu suna yi wa tawa. Har yau 'yar Ankara ake ce mini a unguwar nan, da 'ya'yana huɗu.

Ka yi istihara, ka bi abin da zuciyarka ta kwanta da shi. Allah ya yi maka zaɓi.

Yayarka,
Sahadatu


Nima
12 ga Afrilu, 1964

Yaya Sahadatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Mun gode Allah da Fuseina ta samu sauƙi. Baba yana lafiya.

Na karanta takardarki, na fahimta. Ban san zuwana zai zame miki nauyi ba. Ba komai. Jiya na rubuta wa Balbela na gode musu, na ce su ba wani. Na amsa wa Shirwa, sun gwada lafiyata, sun auna ni don ɗinkin kayan aiki. Abu ɗaya ya rage. Dokar kamfanin ita ce kujerar mataimaki ta 'yan ƙasa ce, don haka wani jami'insu zai zo gida bayan Sallah ya ga iyaye, tun da a ɗaki aka haife ni, ba ni da takardar haihuwa. Sun ce al'ada ce kawai.

A gaida angulayen Kano.

Sumaila


Nima
27 ga Afrilu, 1964

Yaya,

Barka da Sallah. Muna lafiya a jiki. Ban jira amsarki ba, don abin da ya faru ba ya jira.

Jami'in ya zo ranar Asabar, sunansa Mista Kwate, mutumin kirki, ɗan asalin Ankara. Baba ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya sa aka share tsakar gida, ya zaɓo farin goro mafi girma ya ba shi. Na shirya zan yi tafinta, a raina ina cewa duk abin da Baba ya faɗa ni zan gyara. Na manta Baba ya fi ni jin Ga, yaren mutanen Ankara. Suka yi ta hira da dariya, har suka gano Baba ya san kakan mutumin a kasuwar Zango Len. Na ce shi ke nan, aiki ya samu.

Sai Mista Kwate ya buɗe fom ya ce, "Baba, ku 'yan ina ne?"

Kin san yadda tambayar nan take a zango. In aka yi maka ita, asalinka ake nema, kuma wanda ya ce shi ɗan Nima ne kawai, ya faɗa wa duniya bai san kakansa ba. Baba ya gyara zama, ya ɗaga kai, ya ce, "Mu mutanen ƙasar Kano ne, daga Kukar Fatake. Nan baƙi ne mu, fatauci ya kawo mu."

Mutumin ya so ya taimake ni, wallahi na ga hakan a fuskarsa. Ya ce, "Amma yaron a nan aka haife shi, ko?"

Baba ya ce, "Haihuwa ce ta riske shi a hanya. Ɗan Kano ne, ubansa ɗan Kano, kakansa ɗan Kano." Bai tsaya nan ba, Yaya. Ya sa na jawo akwatin, ya buɗe, ya nuna wa baƙo zanin Luba da jar darar da ya saya wa kawunsa, don a tabbatar mu masu gari ne, ba tarkacen bakin teku ba. Da yaren Ga mai kyau ya yi duk wannan bayani, wanda ko ɗan gari sai haka. Fuskarsa tana sheƙi, a ganinsa ya fitar da ni kunya a gaban manya.

A bakin mota Mista Kwate ya ce mini abin da kunnensa ya ji shi hannunsa zai rubuta. Hanya ɗaya ce: Baba ya je kotu ya yi rantsuwa cewa nan ne gidansa, ba shi da wani gari da zai koma. In ba haka ba, kujerar ta wani ce.

Na dawo na tarar da Baba yana ba maƙwabta labari. Ya ce, "Na faɗa masa ko mu su wane ne." Na shiga ɗaki na zauna a kan akwatin.

Don Allah, Yaya, ko ba ki so na zo, ki sa Malam Osumanu ya je ofishin Balbela a filin jirgi ya ce na janye takardata. Tun da Ankara ta ce ni ɗan Kano ne, to Kano ta karɓe ni. Saura wata huɗu.

Sumaila


Fagge
21 ga Mayu, 1964

Sumaila,

Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Takardunka biyu rana ɗaya suka iso, na karanta ta farko na yi kuka, na karanta ta biyu na rasa ma kukan.

Kai wane irin mutum ne? Turawa sun koya maka karanta taurari da gajimare, ba su koya maka karanta yayarka ba? Wasa nake yi maka! Tun kana rarrafe nake tsokanarka, yaushe ka fara ɗaukar maganata kamar ta alƙali? Ranar da takardarka ta watan Maris ta zo, na share ɗakin zaure na sa sabuwar tabarma, na ce na ƙanena ne. Shekara tara ban ga fuskar wani na gidanmu ba. Na ji kunyar in ce ka bar tsoho makaho ka zo wurina, shi ya sa na kawo zancen angulu. Da na san haka za ka karanta, da na rubuta kalma ɗaya: zo.

Ban aiki Malam ba, tare muka je. Wani magatakarda mai fara'a ya nemo takardarka, ya ce ba su cike gurbin ba tukuna. Har na fara hamdala, sai ya ce su ma dokarsu ɗaya: kujerar ta 'yan Arewa ce. Ya duba inda aka rubuta Nima, ya ce, "Ai wannan ɗan Gana ne." Na ce uban ɗan nan ne. Ya ce to a kawo takardar shaida daga dagacin garinsu, da hatimi, kafin ƙarshen Yuli.

Ka ga abin ya zo da sauƙi. Baba ya ce shi ɗan Kukar Fatake ne, to Kukar Fatake ta faɗa da bakinta. Malam ya bincika, ƙauyen yana nan, tafiyar yini guda a mota sai sauran a ƙafa. Da zarar ya dawo daga Nguru za mu je. Ka tambayo mini Baba sunan gidansu da sunan mahaifiyarsa.

Kada ka yi fushi da shi. Abin da yake da shi ke nan ya nuna wa baƙo.

Yayarka da ba ta iya wasa a takarda ba,
Sahadatu


Nima
19 ga Yuni, 1964

Yaya,

Gaisuwa. Ki yafe mini, ni ne jaki. Baba lafiya, sai tarin damina. Sunan gidan, Gidan Maiturmi, yamma da kukar. Mahaifiyarsa Hajo. Tun ranar da ya ji za ki je bai zauna ba. Ya ce ki gaida kawunsa, ki gaida Luba, ki ce mata zaninta yana nan. Ya ce ki duba ko rijiyar ƙofar gida tana da ruwa har yanzu.

Na aiko miki da wannan tun farkon wata ta hannun wani direban goro, ban ji komai ba, shi ya sa nake maimaitawa ta gidan waya. Kun tafi? Kun dawo? Shirun nan yana cina.

Ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, babbar kwatar Nima ta cika ta shigo gidaje. Ni kuwa ba ni da aiki sai kwashe ruwa da bokiti da amsa gaisuwa. "Kyaftin, yaushe za ka tashi?" "Kyaftin, ka kai ni Makka bana." Na daina bin babban titi. Kin san filin jirgi yana bayanmu, duk jirgin da zai sauka sai ya bi ta kan rufinmu. Daga ƙarar nake gane wane ne, nake sanin lokacin da matuƙin ya sauke ƙafafu, hannuna yana motsi shi kaɗai. Wani lokaci nakan hau trotro, motar hayar nan tamu, in je in tsaya a bakin wayar shingen filin kamar mai jiran baƙo. Kayan aikin da aka auna ni an gama ɗinka su, suna rataye a ofishin Shirwa da sunana a jiki.

Na gwada yi wa Baba maganar rantsuwar. Na zaɓi lokacin da ya idar da walaha, ransa a sake. Na bi a hankali har na kai. Sai ya ce, "Sumaila, so kake in ɗora hannu a kan Alƙur'ani in ce ba ni da gari? Uwata tana can a kwance, in ce ban san wurin ba?" Na ce takarda ce kawai, Baba. Ya ce, "In takarda ce kawai, me ya sa suke son rantsuwa?" Ban ƙara tayar da zancen ba.

Yanzu ke kaɗai nake jira. Saura kwana saba'in da 'yan kai.

Sumaila


Fagge
7 ga Yuli, 1964

Takarda ta farko, wadda za ka karanta wa Baba:

Baba, ina gaishe ka da girmamawa. Na je Kukar Fatake, na dawo lafiya. Kukar tana nan, ta ƙara girma. Na sha ruwan garin. Dagaci ya karɓe mu da mutunci, ya ce a gaishe ka. Na yi wa Kaka Hajo addu'a. Sauran bayani sai mun haɗu.

'Yarka, Sahadatu

Takarda ta biyu. Sumaila, wannan taka ce kai kaɗai. Kada ka karanta wa Baba, ka ƙona ta in ka gama.

Babu takardar shaida, kuma ba za a samu ba.

Mun isa da la'asar. Yamma da kukar babu gida, gonar gero ce, rijiyar ma an cike ta. Dagacin yaro ne, bai kai Malam ba, ya yi mana kirki ƙwarai, amma bai taɓa jin Gidan Maiturmi ba. Ya sa aka ɗauko wani tsoho, Malam Tanko, wanda ya fi kowa shekaru a garin. Na durƙusa na ce ni 'yar Idrisu ce, ɗan Hajo. Ya yi ta kallona, sannan ya ce, "Idi? Yarinya, Idi ai ya mutu a hanyar Gwanja tun muna samari. Ni na ci tuwon sadakarsa."

Ga yadda aka yi. Bayan tafiyar Baba da shekara bakwai, wani falke ya dawo ya ce ya ji an ce zazzaɓi ya kashe shi a kudu. Kaka Hajo ta ƙi yarda har shekara guda, daga baya malamai suka ba ta haƙuri. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, aka raba gonar. Goron da Baba yake cewa ya aika sau biyu bai taɓa isa ba. Ita Kaka ta rasu shekara huɗu bayan haka. Luba an aurar da ita wajen Damagaram, ta rasu a haihuwar fari, ita da ɗan. Kawun ma ya daɗe da tafiya.

Na ce to ga shi yana raye a Ankara, ga ni 'yarsa. Dagaci ya ce bai ƙaryata ni ba, amma ba zai sa hatimi a kan ɗan mutumin da garin ya yi wa arba'in ba, sai an sami mutum biyu da za su ga fuskar Baba su shaida shi. Malam Tanko kaɗai ya rage, shi ma ya ce yaro ɗan sha biyar ya sani, ba tsoho ba.

Da za mu tafi matan garin suka ba ni daddawa da kuka, suna cewa a gaida mutanen Gwanja. A can ma baƙuwa ce ni, Sumaila. Na zauna a gindin kukar na yi kuka har Malam ya ji kunya.

Ban san abin da zan ce maka game da aikin ba. Na nanaɗe tabarmar zaure. Abu ɗaya nake roƙo, ka bar wa Baba garinsa. Shi kaɗai ne a duniya yake zaune a cikinsa.

Sahadatu


Nima
25 ga Yuli, 1964

Yaya,

Muna raye. Ki zauna kafin ki karanta.

Takardarki ta iso ranar Talata da hantsi, ina can bakin wayar filin jirgi ina kallon abin da ba nawa ba. Baba kwana arba'in yana jiranta, bai iya ƙara sa'a ɗaya ba. Ya aika aka kira Malam Jamiu tela ya karanta masa, a tsakar gida, Mma Awabu da sauran mata suna tsaye, don kowa yana son jin labarin garinmu. Malam Jamiu ya karanta ta farko, aka yi ta barka. Ya juya ta biyu. Kin san shi, in ya fara karatu ba ya ɗaga kai, kamar yana bin layin ɗinki. Sai da ya karanta "kada ka karanta wa Baba" da ƙarfi, sannan ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya tsaya.

Baba ya ce, "Ci gaba."

Na shigo ana kan karanta zancen tuwon sadaka. Ba wanda ya dube ni. Da aka gama mata suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Baba tambaya ɗaya ya yi, ba ni ya yi wa ba, ba kowa ba. Ya ce, "Inna ce ta tuƙa tuwon da hannunta?"

Kwana uku bai fita da faifan goro ba. Yana salla, yana cin loma biyu, yana zaune. Ranar Juma'a bai buɗe akwatin ba. Na so ya zage ni, ko ya ce ƙarya ce, bai yi ba.

Ranar Litinin da safe na fito na gan shi a cikin rigar da ya sa wa Mista Kwate. Ya ce, "Ina ne kotun?" Na ce Baba, a bari. Wallahi, Yaya, na ce a bari, na ce zan nemi aikin akawu. Ya ce, "Da na ƙi ne don kada in yi rantsuwar ƙarya. Yanzu gaskiya ce. Kama hannuna."

Muka hau trotro. A gaban mai karɓar rantsuwa ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ya ce nan ne gidansa, ba shi da wani gari da zai koma. Ni aka sa na fassara. Aka miƙo tawada don ya dangwala yatsa, ya ce shi yana rubutu. Kin san yadda yake sa hannu da ajami, Idrisu na Kukar Fatake, da jan layi a ƙasa. Ya rubuta Idrisu, ya riƙe alƙalamin a sama, ya daɗe. Magatakarda ya ce hakan ma ya isa.

Shirwa sun karɓi takardar. Zan fara ranar goma ga Agusta. Nima duka tana murna, Mma Awabu ta raba koko kyauta. Ni ban san inda zan sa fuskata ba.

Kada ki zargi kanki. Ni ne ba na gida.

Sumaila


Fagge
9 ga Agusta, 1964

Sumaila,

Muna lafiya. Na rubuta takarda huɗu na yaga. Hannuna ne ya rubuta, ko wa ya karanta. Ka durƙusa a gaban Baba a madadina ka ce ina neman gafara. Malam ya yarda in zo bayan kaka.

Gobe za ka tashi. Ka yi bisimilla, ka riƙe shi da kyau, kada ka zubar kamar koko. Wannan wasa ne, na faɗa maka tun da wuri.

Sahadatu


Nima
4 ga Satumba, 1964

Yaya Sahadatu,

Gaisuwa mai yawa, a gaida Malam da yara. Baba yana lafiya a jiki. Na isar da saƙonki, ya ce ba ki yi masa komai ba, kin je inda shi ya kasa zuwa.

Lasisina ya rayu. Sau uku a mako nake tashi, Ankara, Kumasi, Tamale, mu juyo. Kyaftin ɗin da nake zama a damansa ya ce hannuna yana da taushi wajen sauka. Ranar farko mun bi ta kan Nima, na ga rufin masallaci, na ga kwatar, na ga mutane cike da tsakar gidanmu suna ɗaga zannuwa. Na ƙirga su da ido, babu farar rigar Baba a ciki. Mma Awabu ta ce ta kira shi sau uku, ya ce yana ji daga ɗaki.

Ya koma kasa goro. Amma in baƙo ya tsaya ya ce, "Baba, mutumin ina ne?" sai ya ce, "Fari kake so ko ja?" Labarin kukar da rijiyar da muka ji har muka haddace, ban ƙara ji ba. Yanzu ni nake jawo zancen, shi yana kaucewa. Sau ɗaya ya tambaye ni game da aikin. Ya ce, "In kun kai Tamale, daga sama ana hango gaba?" Na ce ana hangowa kaɗan. Ya ce, "Sai ku juyo?" Na ce sai mu juyo. Ya gyaɗa kai.

Duk ranar da na sa rigar aikin nan sai in ji ta yi mini nauyi a kafaɗa. Ba zan iya barin kujerar ba, na san abin da aka bayar aka same ta. Ba kuma na jin daɗinta yadda na zata.

Juma'ar da ta wuce ya sa na jawo akwatin. Jar darar ya ba liman. Akwatin ya ba Mma Awabu, yanzu gero take zubawa a ciki. Ƙarƙashin gadon na share, ba komai sai shatin inda ya zauna.

Ƙunshin da ke tare da wannan takarda zanin Luba ne. Na ce masa ko a ajiye miki har ki zo. Ya ce a'a, a aika yau, zanin ya gaji da jira. Ya ce ki ɗaura, kada ki adana shi a akwati. Ya ce tun da aka saye shi Kano za shi, to ko shi ya isa gida.

Ƙaninki,
Sumaila